Kafaɗar Dattijuwa

Masu rubuto mini cewa na cika zancen mota a labarin da aka ce na soyayya ne, ku yi haƙuri, yau ma motar ce. A gidanmu ba a raba biyun. Duk wanda ya ce yana sona, sai ya fara bi ta gaban Dattijuwa.

Dattijuwa motar Babana ce, kuma ta girme ni. Koriya ce shar mai duhu, doguwar gaba, da ragar azurfa mai sanduna a tsaye, da fitilu zagayayyu masu kallon mutum ido cikin ido. Kujerunta na fata sun yi laushi, cikinta yana ƙamshin man goge katako. A rumfar tsakar gida take kwana, lulluɓe da zanen da Umma ta ɗinka mata da kanta tana mita. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin wani ya riƙe sitiyarinta ba in ba Baba ba. Ni da na iya tuƙi, nake kai kaina wurin aiki kullum, iyakata da ita wanki da shafa.

Duk Asabar da safe abokan Baba biyu suke zuwa: Likita, wanda ya yi ritaya daga cirar haƙori, da Kawu, wan Umma, tsohon direban babbar mota. Su shimfiɗa kujeru a gefen Dattijuwa, in kawo musu shayi, su buɗe musu a kan motocin da ba su fito ba tukuna. Ba saya za su yi ba. Hotunan da kamfanoni ke saki kawai suke bi, su yi ta yanke hukunci kamar an naɗa su alƙalai.

Suna da wata al'ada da Baba ya ƙirƙiro. In an kawo hoton sabuwar mota a waya, sai ya ɗora babban yatsansa a kan tambarin kamfanin ya rufe, ya zagaya da wayar. In an gane gidan da motar ta fito ba tare da an ga tambari ba, sai ya ce, "Wannan 'yar gida ce." In an kasa, ya ce, "Ba ta da uba," a wuce wurin. A wurin Baba kamfani mai mutunci shi ne wanda za ka hango motarsa daga nesa, ta baya ma, ka san tasa ce.

To ga wanda nake so. A wayata Mai Yumɓu na sa masa. Yana aiki a wani wurin da ake ƙera bamba da murfin madubi da sauran kayan jikin motocin da aka daina kawo kayansu. Da yumɓu yake fara sassaƙa siffar abin, a yi mazubi, sannan a zuba fiba, wato robar nan mai tauri. Murfin madubin Dattijuwa ne ya tsage, na kai masa a jaka. Ya juya shi a hannu, ya faɗa mini irin motar da shekarar da aka yi ta, ban ce masa komai ba. Daga nan na san na shiga uku. Dogo ne, ba ya yawan magana, kuma komai wankin da ya yi sai ka ga jan yumɓu a gefen farcensa.

Matsalar ita ce Gwaggo, yayar Baba. Tana da ɗan ƙawarta da ta daɗe tana tallata mini. Kullum ta kira sai ta ce, "Ƙannenki na bayan-baya sun yi ɗaki, ke kina nan kina wanke taya." Ta ce in wata ya ƙare ban fito da nawa ba, za ta kawo nata har gida a gaisa. Baba ya ce mata, "Bari in ga nata tukuna." Shi ya sa na gayyato Mai Yumɓu zaman Asabar, in ya so su san juna a kan abin da dukkansu suke so.

Ranar na canja kaya sau nawa ban sani ba. Na ƙare a doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan furanni a hannu, da mayafi fari. Umma ta leƙo ɗaki ta ce, "Shayi za ki kai ko ke za a kai?" Shi kuma ya zo cikin riga mai ruwan toka a goge tas, ya durƙusa ya gaida kowa. Ya tsaya gaban Dattijuwa yana kallonta, hannayensa a baya, bai taɓa ta ba. Na ga Baba ya ji daɗin hakan.

"Zauna, yaro," in ji Baba. "An ce kai ka yi mana murfin madubi."

"Ni ne, Baba."

"Ya zauna daidai."

Daga bakin Baba wannan yabo ne babba. Na koma bayan labulen kicin zuciyata fes.

Sai Likita ya ciro waya yana murmushin tsokana. "Yau na zo muku da sabuwa. Jiya aka saki hoton, mai lantarki ce, baɗi za ta fito."

Ni na riga na ga hoton. Ya cika ko'ina, masu son mota suna ta faɗa a ƙarƙashinsa. Wasu na cewa fitilun sun yi siriri kamar idon mai jin barci, wasu na cewa an toshe mata baki tunda babu raga, wasu kuwa na rantsuwa ba a taɓa zana mota mai kyanta ba. Ni ina cikin na ƙarshen, ba zan ɓoye muku ba. Fara ce sol, a kwance, tayoyi manya, kamar tana gudu alhali a tsaye take. Kuma kamfanin su Dattijuwa ne ya yi ta.

Baba ya karɓi wayar, ya nesanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya ɗora yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Sabulun wanka," ya ce. "Duk motocin yanzu sabulu ne da aka ɗan yi wanka da shi. Babu fuska, babu baki. Wannan ba ta da uba."

Kawu ya yi tari. Likita ya sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, ai 'yar gidanku ce. Ƙanwar Dattijuwa."

"Wace Dattijuwar?"

"Taka."

Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗi haka a kan zancen mota ba. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana kare kamfanin nan a gaban kowa. Ya ce, "Sun zubar da gida ke nan. Sun cire ragar da aka san su da ita, sun lanƙwasa komai. Yaran da suka ɗauka aiki ba su san iyayensu ba."

Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Sai na ji muryar Mai Yumɓu.

"Baba, a gafarce ni. Ni ina ganin tana da uba."

Na dafe ƙirji a bayan labule. Wayyo, wa ya aike ka?

"Kafaɗarta ta Dattijuwa ce," ya ci gaba, a ladabce. "Layin da ya taso daga fitila, ya bi ƙofa, ya sauka kaɗan a ƙarƙashin mabuɗin ƙofar baya, ya sake tashi a saman taya. Ba su taɓa shi ba. Ragar ce kawai suka cire, don injin lantarki ba ya buƙatar shan iska irin na da."

"Kana nufin ban ga daidai ba?"

"A'a, Baba, ba haka..."

"Tun ba a haife ka ba nake kallon mota." Baba ya miƙe, ya tura wa Likita wayarsa. "Na gode da madubi. A gaida gida."

Ya shige ciki. Haka zaman ya watse, shayi bai ko huce ba.

Na shiga ɗaki na cire mayafin na jefar a gado. Na ɗauki waya na rubuta wa Mai Yumɓu: "Mene ne ribarka? Da ka yi shiru mutuwa za ka yi?"

Ya amsa: "Ba zan iya ce masa mummuna ce ba, alhali mai kyau ce. Zai gane ƙarya nake."

"To ga gaskiya nan ta kore ka. Gwaggo za ta zuba ruwa a ƙasa ta sha."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can saƙo ya shigo: "Kin ga inda Baba ya ɗora yatsansa?"

"A kan tambari mana."

"A kan fitila ya ɗora. Tambarin yana fili, ƙato, a tsakiyar hoton. Likita ya gani, Kawu ya gani. Shi ne bai gani ba."

Na zauna a bakin gado. Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Baba da ya daina fita da Dattijuwa in rana ta yi sanyi, yana cewa mai ya yi tsada. Baba da yake miƙo mini waya ya ce in karanta masa saƙo wai rubutun yanzu ƙanana ne. Yadda yake lalubar hannun kofi kafin ya ɗauka. Ina gidan nan, ina kai masa shayi kullum, ban lura ba, sai baƙon da ya zauna da shi safiya ɗaya. Kunya ta kama ni, tausayi ya fi ta yawa, na yi kuka sosai.

Na sami Umma a kicin tana goge tukwane. "Umma, idon Baba."

Ba ta juyo ba. "Ya hana ni faɗa. Na yi magiya ya je a duba, ya ce in suka ce ya daina tuƙi fa? Kin san halinsa."

"Shi ya sa ya fusata ɗazu."

"Ba yaron ne ya ɓata masa rai ba. Tsoro ne." Ta ajiye tukunyar. "Amma kar ki sa rai ya sauko da wuri. Gwaggonki ta kira, ta ce Asabar mai zuwa za su shigo."

Satin nan ban ji daɗinsa ba. Baba ba ya ambaton Mai Yumɓu, ni ma ba na yi. Shi kuma gogan ya yi wuyar samu a waya. In na rubuta "Kana ina?" sai bayan wani lokaci ya amsa "Aiki." Ranar Laraba ya turo mini hoton hannunsa kawai, jage-jage da yumɓu har gwiwa. Na rubuta: "Ni za a aurar da ni, kai kana wasan ƙasa." Ya turo fuskar dariya. Wallahi da yana kusa da na jefe shi da takalmi.

Ranar Juma'a da yamma ya rubuta: "Gobe zan zo. Ki buɗe mini ƙofa."

"Ba a gayyace ka ba."

"Na sani. Saƙo zan ajiye in tafi."

Asabar ta zo. Ban yi kwalliya ba, baƙar riga na zura da ɗankwali, don ban san wa zan yi wa ba. Likita da Kawu sun zauna, hira ba ta tashi sosai, kowa yana kaffa-kaffa. Sai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga shi tsaye rungume da wani abu a kan faranti na katako, tsawon hannu, an rufe da farin ƙyalle. Idanunsa sun yi ja alamar bai huta ba.

Ya yi sallama. Baba ya amsa a taƙaice, fuskarsa a wani gefen.

"Baba, ban zo musu ba. Abu na kawo a duba mini, in an duba in tafi."

"Mene ne?"

"Mota ce. Ba ta da tambari, ba ta da fenti. Hoto yana ruɗi, haske da inuwa ne kawai. Mu a wurin aiki ba ma yarda da siffa sai mun rufe ido mun shafa. Shi ne na ce a shafa a faɗa mini gidan da ta fito."

Ya ɗora farantin a kan teburin shayi, ya yaye ƙyallen. Jama'a! Sabuwar motar ce, ƙarama, ja irin na yumɓu, sumul. Ya bi hotunan da kamfanin ya saki ta kowane gefe ya fitar da ita, har siririyar fitilar, har lanƙwasar rufin. Kawu ya ce, "Kai! Kai! Kai!" Likita ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Baba bai motsa ba da farko. Ni na san shi, hannunsa ba ya haƙuri da abu mai santsi. Ya miƙa yatsu biyu ya taɓa gaban, ya ja tsaki. "Babu baki." Ya bi rufin, ya ce, "Hmm." Sai yatsunsa suka faɗa kan layin gefe. Suka taso daga fitila, suka bi ƙofa, suka sauka kaɗan, suka sake tashi a saman tayar baya. Ya tsaya. Ya koma farko ya sake bi, wannan karon idonsa a rufe.

Baba ya miƙe, ya je wurin Dattijuwa, ya ɗora tafin hannunsa a gefen fitilarta. Ya taka a hankali yana shafa jikinta, ƙofar gaba, ƙofar baya, hannun ya sauka, ya tashi a saman taya. Ya daɗe tsaye a wurin ya ba mu baya.

"'Yar gida ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Likita ya buga cinya. "Ai na faɗa!"

"Yaushe ka faɗa? Kai da ka zo yi mini dariya." Baba ya dawo ya zauna, ya jawo farantin gabansa. "Kafaɗar yayarta ce, ba musu. Sun ma ƙara mata tsawo, ta fi kwanciya. Amma fuskar nan, sun aske mata gashin baki. Mota babu raga, da me za ta yi wa mutane murmushi?"

"Da fitila, Baba," in ji Mai Yumɓu. "Ku taɓa ƙarƙashinta, akwai 'yan sanduna a tsaye, ƙanana. Ragar ce suka mayar can."

Baba ya laluba, ya same su, ya ƙirga da farce. Dariya ta kuɓuce masa. "'Yan banza. Ashe sun ɓoye ta ne."

Daga nan musu ya dawo da ƙarfinsa. Kawu ya ce tayoyin sun yi girma, rami ɗaya zai gama da su. Likita ya ce shi tambarin da suka baje ya zama fenti ne bai yafe ba, tambari ai ƙarfe ne da za ka goge ya yi ƙyalli. Baba ya goyi bayansa a wannan, ya kare kamfanin a sauran, kamar ba shi ya ce sun zubar da gida ba. Ni ina tsaye da butar shayi ina kallon mutumina, yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baba yana amsa abin da aka tambaye shi kawai. Ban taɓa sonsa irin na lokacin ba.

Da su Likita suka tashi duba wata ƙara a motar Kawu a waje, Baba ya ce, "Yaro, matso." Ni ma ban tafi ba, na yi kamar ina tattara kofuna.

"Me ya sa ka kawo mini ta hannu?"

Mai Yumɓu ya sunkuyar da kai.

"Ka gani ko?"

"Na gani, Baba."

"Wa ka faɗa wa?"

"Ita kaɗai."

Baba ya juyo wajena. Ban san iya abin da yake gani na fuskata ba, amma ya ji shessheƙata. "To mene ne na kuka? Mutuwa aka ce miki na yi?" Ya shafa rufin motar yumɓun da babban yatsa. "Asibitin ido suna aiki yau?"

"Suna yi har azahar," na ce da sauri. "Bari in fito da motata."

"Wa ya ce motarki?"

Ya sa hannu a aljihun gaba, ya ciro makullin Dattijuwa mai tsohuwar fatar nan da ta yi baƙi. Ya miƙa. Ba ni ya miƙa wa ba.

Mai Yumɓu ya goge hannayensa a jikin wando har sau biyu kafin ya karɓa. "Baba, ni?"

"Giya ta biyu tana da gardama, kar ka tilasta mata, lallaɓa ta za ka yi. Ke, ɗauko mayafinki ki zauna gaba. Ni baya zan zauna, ban taɓa jin yadda take daga can ba."

Umma tana bakin ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen zane. Na ruga na ɗauko farin mayafin nan na makon jiya, ko daidaita shi ban tsaya yi ba. Na tura ƙyauren gida, Dattijuwa ta tashi da ƙararta mai kauri, ya fito da ita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na shiga na ja ƙofa.

Hancinta ya fita ke nan wata baƙar mota mai sheƙi ta sha gabanmu ta tsaya, ta tare hanya. Ƙofar baya ta buɗe, na ga takalmin Gwaggo ya sauko, sannan jakarta. A gaba wani saurayi ne cikin fararen kaya yana gyara agogo. Ɗan ƙawar Gwaggo ke nan. Mai Yumɓu ya taka birki, ya kalle ni.

"Me ya faru?" in ji Baba daga baya.

"Gwaggo ce," na ce. "Da... baƙo."

Baba ya sauke gilas. Gwaggo ta ƙaraso tana yage baki, sai idonta ya sauka a kan wanda yake riƙe da sitiyari. Murmushin ya tsaya mata a rabi. Ita ma ta san ba a taɓa yi ba.

"Wane ne wannan a kujerarka?" ta ce.

"Ɗan gida ne, Yaya," in ji Baba. "Ki ce wa baƙonki ya matsar da motarsa, muna da hanya."